Babi na Huɗu: Me Ya Sa Rijiyar Maƙwabcinka Ta Fi Taka Ruwa?

Tambaya ce da ba ta ƙarewa a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, da duk unguwannin da ke ta miƙewa kudu da kogin Kaduna. Mutum biyu sun sayi fili, katanga ce kawai tsakaninsu. Na farko ya kira masu haƙar rijiya, ba su kai gaba shida ba ruwa ya ɓullo, kuma har rani ya fita guga ba ta dawo wayam ba. Na biyu ya haƙa, diga ta ci karo da dutse ta ƙi ci. Ya ɗauko injin burtsatse, aka wuni ana niƙa dutse ana fitar da farin gari, kuɗi suka ƙare, ruwa bai zo ba. Sai 'yan'uwa su taru su ce ya yi haƙuri, rabo ne.

Rabo ne, babu musu. Amma rabo yana da sababi, kuma sababin wannan ya girmi garin Kaduna, ya girmi kogin kansa. Kafin mu kai ga amsa sai mun bi sawun abu uku da ba sa hutu: motsin ɓawon ƙasa, yawon iska a sararin sama, da yanayin da ke fitowa daga haɗuwarsu. Su ne suka ƙera kowane tudu da kowane kwari a duniyar nan, kuma aikinsu a fili yake tsakanin Kakuri da Kajuru ga wanda ya san inda zai duba.

Dutsen da muke kwana a kai

Ka tsaya kan gadar kogin Kaduna a watan Fabrairu, lokacin da kogi ya rame, ka leƙa ƙasa. Za ka ga falalen duwatsu sun fito fili, masu wanki na shanya a kai, yara na tsalle daga wannan zuwa wancan. Dutsen nan bai tsaya a kogi ba. Shi ne a shimfiɗe ƙarƙashin masaƙun Kakuri da tashar jirgin ƙasa da matatar mai, ya zarce Zariya da Funtuwa har Kano. Jar ƙasar da muke gini a kai lulluɓi ce kurum.

In ka sauka ka matsa kusa, za ka ga yana da zane fari da baƙi, a lanƙwashe, wani wuri ma a murɗe. Dutse kuwa ba ya lanƙwasa a sarari, karyewa yake yi. Ba ya laushi sai can ciki, zurfin kilomita 15 ko 20, inda zafi da nauyi suka taru a kansa. Ashe abin da yaran nan ke takawa ya taɓa zama a irin wannan zurfi, daga baya aka kwashe duk abin da ke bisansa.

Tsufansa ma abin a jinjina ne. A shekarar 2001 masana suka fitar da sakamakon awon wasu 'yan ƙwayoyin ma'adini da aka ciro daga dutsen garin Kaduna, suka samu shekarunsu sun haura biliyan 3.5. Duniyar gaba ɗaya shekarunta wajen biliyan 4.5 ne. Kaduna gari ne da Gwamna Lugga ya kafa a 1913, yaro a cikin garuruwan Arewa, amma yana zaune a kan ɗaya daga cikin tsofaffin duwatsun Afirka ta Yamma.

Sakaina a kan kunu

Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. A fashe yake, manyan ɓangarori bakwai da ƙanana da dama, kowanne kaurinsa wajen kilomita 100. Ka fasa ƙwarya, ka jera sakainun a kan kunu mai kauri wanda ke bisa wuta. Kunun na juyawa a hankali, sakainu na tafiya tare da shi: nan biyu su rabu, can biyu su yi karo har ɗaya ta nutse ƙarƙashin ɗaya, can kuma su gogi juna su wuce. Gyara ɗaya za a yi wa misalin. Abin da ke ƙarƙashin ɓawon duniya ba ruwa-ruwa ba ne, dutse ne mai zafi da ke jan ciki, 'yan santimita kaɗan a shekara. Lokacin da Bajamushe Alfred Wegener ya ce nahiyoyi na tafiya, a 1912, dariya aka yi masa. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, aka ga gaskiyarsa, shi kuwa ya daɗe da mutuwa.

Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, irin wannan karo ya faru a nan. Tsohon ɓangaren da ke ɗauke da Gana da Mali da Gini ya tunkuɗi wanda ke gabashinsa, tekun da ke tsakaninsu ya rufe, ƙasa ta tattare ta yi sama. Jerin tsaunuka ya tashi tun daga inda Togo da Binin suke a yau har Hoggar a tsakiyar Sahara. Wanda ke son ganin kamanninsu sai ya dubi Himalaya, inda Indiya ke tura Asiya har gobe, inda Everest ya kai mita 8,849. Kaduna a yau ba ta wuce mita 600 da 'yan kai bisa teku ba. Tsaunukan sun tafi, saiwarsu ce ta rage, a kanta muke sayar da fili.

Wannan karo ya bar mana gado iri uku. Ya narkar da dutse a can ƙasa, narkakken ya daskare a hankali ya zama duwatsun Kujama da Kajuru da Kufena na Zariya. Ya tura ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai cikin tsage-tsage, inda zinariyar Birnin Gwari da Anka ta kwanta, da alherinta da fitinarta. Sannan ya tsattsage dutsen ko'ina. Ka riƙe maganar tsagar nan, za mu dawo gare ta.

Ranar da Barazil ta yi ƙaura

A wancan zamani Kaduna ba ta san teku ba. Tana can tsakiyar wata ƙatuwar nahiya, Afirka da Kudancin Amurka a manne. Duwatsun arewa maso gabashin Barazil da namu uwa ɗaya uba ɗaya ne, irinsu ɗaya, shekarunsu ɗaya. Sama da shekara miliyan 100 da suka wuce nahiyar ta soma tsagewa, tsaga uku suka haɗu daidai inda Neja Delta take yanzu. Biyu suka ci gaba da buɗewa suka zama Tekun Atalantika, wanda har yanzu ke ƙara faɗi da 'yan santimita kowace shekara. Ta ukun ta soma, ta gaza. Ita ce kwarin Binuwai.

Abu biyu suka biyo baya, kuma duka sun shafi bokitin ruwan gidanka. Na farko, ƙasa ta samu gangare. Kwarin Binuwai da kwarin Bida suka zama magudanai, ruwan Arewa ya san inda zai nufa. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunin Jos, ya yi tafiyar kilomita 550, ya faɗa Neja a Muregi, daura da Pategi. Na biyu, wanda ya fi girma: tekun da ke ba mu damina ɗan wannan tsaga ne. Da Barazil ba ta matsa ba, da babu inda iska za ta ɗebo mana laima.

Tsaunin Jos kansa yana da nasa labarin. Duwatsunsa ƙannen na Kujama ne nesa ba kusa ba, shekarunsu tsakanin miliyan 200 da 140, kuma su ne ƙarshen wani jeri da ya faro daga Azbin, ya ratsa Damagaram, yana ƙara ƙuruciya yayin da yake gangarowa kudu. A cikinsu kuza take. Daga wannan tudu ruwa ke rabuwa: Kaduna ta yi Neja, Gongola ta yi Binuwai, Delimi kuma ta bi ta Jama'are ta nufi Tafkin Chadi, ba za ta taɓa ganin teku ba.

Mu a tsakiyar sakaina muke, nesa da baki, shi ya sa ba mu san girgizar ƙasa irin ta Japan ko Turkiyya ba. Amma ba a ce ƙasar ta mutu ba. A Satumban 2016 ta motsa a Kwoi, cikin ƙaramar hukumar Jaba, gine-gine suka tsage, mutane suka firgita. A Mpape ta Abuja an ji irinta a 2018. Tsofaffin tsage-tsage ne ke gyara kwanciya.

Iska biyu

Manomi ya san iska biyu tun kafin a buɗe makarantar boko: wadda ke busar da leɓe, da wadda ke ƙamshin ruwa. Abin da bai gani ba shi ne injin da ke tura su.

Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, wajajen layin ikwaita. Iska ta yi zafi a can ta tashi sama, ta huce, ta zubar da ruwan da ta ɗauko. Daga nan ta bazu arewa da kudu a can ƙololuwa, a bushe, ta je ta sauko wajen digiri 30. Iska mai saukowa ƙara ɗumi take yi, ba ta haɗa girgije. Inda take sauka a arewa nan Sahara take, da hamadar Larabawa. A kudu kuma Kalahari da tsakiyar Ostireliya. Da ta sauka sai ta juyo ta bi ƙasa ta koma inda ta fito, juyawar duniya ta karkatar da ita, ta iso mana daga arewa maso gabas. Wannan ita ce iskar hunturu. Wani lauya ɗan Ingila, George Hadley, shi ya fara bayyana wannan kewaye a 1735.

Takwararta ta taso daga kudancin Atalantika, ta tsallako ikwaita, ta karkata, ta shigo ta kudu maso yamma cike da laima. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zama wuri ɗaya, domin duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, ranar tsaka na hawa arewa tana saukowa. A Kaduna rana na tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Ka duba inuwarka da azahar a waɗannan kwanaki, za ka same ta ƙarƙashin ƙafarka. A watan Janairu iyakar na can kusa da gaɓar teku, mu muna cikin hazo. A Agusta ta wuce Agadas, mu muna cikin marka.

Duk taswirar noman ƙasar Hausa daga wannan kai-komo ta fito. Wanda iskar teku ta fi daɗewa a kansa ya fi samun ruwa. Kaduna na samun kusan milimita 1,200 a shekara, Kano 800 zuwa 900, Maraɗi wajen 500, Agadas ba ta kai 200 ba. Tudu kuma yana da ta cewa. Iskar teku in ta iso gindin tsaunin Jos ta wajen Kagoro, dole ta hau, in ta hau ta huce, in ta huce ta zubar. Shi ya sa Kafanchan ke haura milimita 1,500, shi ya sa citta ta karɓi ƙasar Kachiya da Jaba, gero kuma ya fi jin daɗin Daura.

To me ya sa hadari ke tasowa daga gabas?

Mai karatu mai lura zai tare ni a nan. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, don me kowace uwa a unguwar Barnawa ke duban gabas kafin ta kwashe shanya?

Domin iskar teku ba ta da kauri. A ƙasa-ƙasa take shigowa, kilomita ɗaya ko biyu. Bisa gare ta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma duk tsawon damina, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin kudu ke haifarwa. Girgijen hadari dogo ne, kansa na kai kilomita 12 ko fiye. Ƙafarsa na shan laima daga iskar ƙasa, amma ta sama ce ke jan ragamarsa. Sau da yawa a kan tudu yake ƙulluwa da la'asar, Jos ko Adamawa ko Azbin, ya jeru layi guda, ya kamo hanyar yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a awa. Sanyin da ke fara kaɗawa yana kwashe kwanon rufi, iska ce da ruwan ya tunkuɗo daga sama ta riga shi isowa. Wasu daga cikin waɗannan tarin hadari ba sa mutuwa. Su ratsa Mali, su fita teku ta Sanagal, bayan mako ɗaya ko biyu a ji su a labarai sun zama mahaukaciyar guguwa a gaɓar Amurka.

Yadda ruwa ke cin dutse

Yanzu mu koma rijiya. Ruwan sama ba ruwa ne zalla ba. Yana haɗiyar iskar kabon a sama, ya ƙara da wadda ruɓaɓɓen ganye ke fitarwa a ƙasa, ya zama ɗan tsami-tsami. Ga ɗumi. Ya bi tsagar nan da karo ya bari, ya kwanta, ya soma ci. Dutse irin namu haɗin ma'adinai ne, kowanne da yadda yake mutuwa. Farin mai ƙyalli ya ƙi narkewa, ya warware ya zama yashi. Wani ya ruɓe ya zama yumɓu. Baƙin, mai ƙarfe a ciki, ya yi tsatsa. Jar ƙasar Kaduna tsatsar dutse ce. Da rani kuma, ƙarfen da damina ta narkar ya taru kusa da sama ya daskare ya zama marmara, wadda ake fasawa a yi burjin hanya. Marmara ba ta samuwa sai inda jiƙa da bushewa ke karɓa-karɓa, wato ita ma 'yar iska biyun nan ce.

Abin lura shi ne ruɓewar ba ta tafiya bai ɗaya. Inda tsaga ta yi yawa, ruwa ya samu ƙofofi, ya ci dutse har zurfin mita 30 ko fiye, ya bar kwari a ɓoye cike da ruɓaɓɓen dutse mai riƙe ruwa. Inda dutsen ya zo dunƙule babu tsaga, sai ya tsaya ƙyam, 'yan mitoci ƙarƙashin ciyawa. A sama fili ne shafal, a ƙasa tudu da kwari ne. Maƙwabcinka ya faɗa kan kwari, kai ka faɗa kan tudu. Dutsen da ya karya maka diga ɗan'uwan Kufena ne, bambancinsu kawai shi Kufena zaizaya ta riga ta yaye masa lulluɓi.

Mai burtsatse kuwa tsaga yake farauta a cikin lafiyayyen dutse, kuma tsaga siririya ce, ana iya kuskure ta da taku biyar. Shi ya sa kuɗin awon ƙasa da na'urar lantarki kafin haƙa ba ɓarna ba ne, ko da yake shi mutane suka fi saurin tsallakewa. Kuma ko an dace, aljihun ruwan ƙarami ne. Gida ashirin a layi ɗaya kowa da famfonsa, duk daga aljihu ɗaya suke zuƙa, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji su suna tari tare a watan Maris.

Kogi da filinsa

Jan ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada a watan Satumba, tsofaffin tsaunukan nan ne ke ci gaba da tafiya teku. Masu kwalekwale na tare wani kaso, su loda wa tifa, a buga bulo. Tun 1990 madatsar Shiroro ke tare wani. Amma shekaru miliyoyi kafin haka, laka da yashin Arewa sun yi ta sauka bakin teku suna taruwa har kaurin kilomitoci, suna binne matattun halittu, su kuma suka dahu suka zama ɗanyen mai. Bututun da aka jawo daga Delta zuwa matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ya dawo mana da abin da ƙasarmu ta taya binnewa.

Kogin da ke gudu a kan dutse ba shi da haƙuri. Ƙasar da ke ciyar da shi ba ta da zurfin da za ta shanye ruwan Agusta, don haka abin da ya sauka a Filato da Lere da Kauru yakan taho kusan gaba ɗaya. Ana iya ambaliya a Kaduna rana na haskawa. Waɗanda suka ga ta 2003 ba su manta ba. Fadamar da ke gefen kogi ba kyauta ba ce, shi ya shimfiɗa ta da lakar ambaliyoyin da suka gabata, kuma yakan dawo duba kayansa. Ni dai ban ga hikimar kiran abin ba-zata ba, alhali laushin ƙasar da ya sa tushen gini ya yi araha a wurin shi ne shaidar da kogin ya bari.

Iyakar ba ta da alƙawari

Kada a ɗauka yanayin da muka sani shi ne na dindindin. Karkatar duniya da kewayenta na sauyawa a hankali cikin dubban shekaru, iyakar iska biyun na matsawa tare da su. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, rairayi ya gangaro har ƙasar Kano, kuma lallausar ƙasar da ke noma audugar Funtuwa da Zariya, wadda ta taɓa ciyar da masaƙar Kakuri da aka buɗe a 1957, akasarinta ƙura ce da iskar wancan zamani ta sauke. Daga baya abin ya juye. Tsakanin shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce Sahara ciyawa ce da tafkuna. Mutanen lokacin sun sassaƙa raƙuman dawa a dutsen Dabous, arewa da Agadas. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani makiyayi mai haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai shekara 8,000. Tafkin Chadi na lokacin ya fi sulusin girman Nijeriya. Da ya janye, ya bar busasshiyar laka a kwarin Bodele, arewacin Chadi, inda iska ke matsowa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta kwashe ta. Farar ƙurar da ke kwanciya a gilashin motoci a unguwannin Television da Kakuri cikin Disamba, da yawanta gindin wancan tafki ne. Ko a zamaninmu, farin 1973 da na 1984 sun nuna abin da 'yar gazawar iskar teku ke iya yi.

Duk wannan labarin ƙasar dutse ne. Ka hau mota ka nufi Sakkwato, bayan ka wuce Talatar Mafara dutsen zai nutse ya ɓace, ƙasa ta koma shimfiɗa bisa shimfiɗa. A Kalambaina, inda ake haƙar farin dutsen siminti, akwai ɓawon halittun teku a ciki, nisan ɗaruruwan kilomita daga kowace gaɓa. A wasu sassan Barno kuma an huda ƙasa ruwa ya yi tsiri da kansa ba tare da famfo ba. Yadda teku ya taɓa kwana a Sakkwato, da abin da ya bari a ƙarƙashin ƙafar mutanen can, shi ne zancen babi na gaba.